Yatsun Koci Duane

Ni na kawo takardun, don haka ni aka fara yi wa tsiya. Shekara goma sha tara ina sakatariyar ƙungiyar kokawa ta yaran garinmu, Brandvold, aikin da ba shi da albashi sai ciwon kai. Da kakar bara sai ga sabuwar doka ta sauko mana. Duk babban da zai taka katifar kokawa tare da yara sai an binciki tarihinsa, sai ya je ofishin 'yan sanda an ɗauki zanen yatsunsa, sai ya zauna gaban kwamfuta ya sha darasi na awa biyu. Ba a yarda babba ɗaya ya kaɗaice da yaro ba, a ɗaki ne ko a mota. Wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba, kwana ɗaya gare shi ya kai rahoto. Wanda kuwa bai cika sharuɗɗan ba, ranar gasa ba za a ɗaura masa jan kambun roba da ake shiga fili da shi ba.

"A Brandvold?" in ji iyaye. "Mu da kowa ya san kalar wandon kowa a kan igiyar shanya?"

Ni ma abin da na ce ke nan, har da ƙarin gishiri. Amma aiki aikina ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai korar kaji, har kowa ya je ya dangwala. Duk suka fito fes, sai mutum ɗaya.

Duane Kuchera shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in da huɗu daga ciki yana koyar da kokawa a garin nan. Shanun tatsa gare shi guda arba'in, matarsa ta rasu, kunnuwansa duk sun murɗe saboda kokawa kamar an tauna an tofar. Rabin mazan garinmu shi ya koya musu yadda ake faɗuwa ba a karya wuya ba, ciki har da mijina da 'ya'yana biyu. Ba mai kiransa da sunansa, Koci kawai ake cewa, har fasto.

A shekarar ya ce zai ajiye usur. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne Itzel Barrientos. Yarinya ce 'yar shekara sha huɗu, ubanta Efraín yana aiki a babbar mayankar bayan gari. Tana da shekara tara ta shigo mana da takalmin yayanta, ta ce ita ma kokawa take so. Yanzu ta zama mace ta farko daga Brandvold da ake sa ran za ta kai gasar jiha. A kusurwar kowace katifa akwai kujerar koci, kuma wanda ke kanta shi kaɗai ke da bakin yi wa alƙalin wasa magana. Duane ya ce zai zauna a wannan kujera ranar Itzel, daga nan ya koma wa shanunsa.

Ni na kai shi ofishin 'yan sanda, don in na bar shi ba zai je ba. 'Yar sandar da ke ɗaukar yatsu ta kama hannunsa ta danna a kan gilashi. Ta dubi allon, ta goge gilashin, ta sake dannawa. Ta hura masa yatsan, ta sake. Abin da ke fitowa sumul yake kamar bayan cokali.

"Koci, ina ka kai zanen yatsunka?"

"Tambayi shanu," ya ce.

Shekara sittin na igiya da waya da ruwan sanyi da maganin wanke hantsa sun cinye su kaf. Ta aika hakanan, bayan mako shida aka dawo da su. Aka sake, aka sake dawowa da su. Sai aka sa shi a layin waɗanda ake bincika ta suna maimakon yatsa, wanda ke cin wata biyu, ga shi gasa saura mako biyar. Hanya ɗaya ta rage, a samu yatsu su fito a karo na uku.

Duk wannan lokacin bai taka katifa ba. Kendra Oltrogge, mataimakiyarsa, 'yar shekara ashirin da uku, ita ke jan horo. Shi kuwa sai ya kifa bokiti a bakin ƙofar zauren, inda iyaye ke tsayawa, ya zauna yana kallo. Wani lokaci in yaro ya yi shirme sai ka ga ƙafarsa ta motsa da kanta, sai ya mayar da ita.

'Yar sandar ce ta ba mu dabara. Ta ce fata tana farfaɗowa in an bar ta ta huta: a yi ta shafa mai, a sa safar hannu, kar a taɓa aiki har mako uku.

"Mako uku?" Duane ya yi dariya. "Shanun kuma su tatsi kansu?"

Ran Lahadi bayan an tashi daga majami'a na manna farar takarda a jikin ƙofa, na rubuta kwanaki ashirin da ɗaya, safe da yamma, don masu taya shi tatsa su sa sunansu. Na shiga ciki in sha kofi, ina cewa a raina in an samu mutum goma an gode. Da na fito takardar ta cika, har an juya bayanta ana rubutu.

Ranar farko na je da asuba in kai musu gurasa mai kirfa. Ina hawowa tudun gonarsa sai na taka birki. Motoci ne jere tun daga bakin titi har garke, fitilunsu a kunne cikin dusar ƙanƙara, numfashin mutane da na shanu yana tashi fari. Ga mai sayar da taya, ga likitan haƙori, ga fasto da takalmin roba wanda ya yi masa yawa. Ga mutanen mayanka su shida da Efraín ya kwaso, kafin su wuce aikinsu. A tsakiyarsu ga Duane tsaye, hannuwa a sama cikin farar safa, an lafta musu man da ake shafa wa hantsar shanu, yana ba da umarni da haɓa. Na zauna a mota na kasa fita. A garin nan aka haife ni, na ɗauka na gama sanin mutanensa, ashe ban sani ba.

Ba wai sun iya ba ne fa. Lyle Brummer, ƙaton direban tirela wanda ya taɓa ci wa garinmu kambun jiha, saniya ta harbe shi ya zauna daɓas cikin kashi.

"Haba Lyle!" in ji Duane. "Shekara shida ina koya maka tsayuwa, saniya ta kayar da kai a daƙiƙa biyu?"

"Koci, ta fi ni nauyi! Ba ajinmu ɗaya ba!"

Haka aka yi kwana ashirin da ɗaya, ba a tsallake tatsa ko ɗaya ba. Mata suna kai masa miyar wake da nama, don ko tukunya an hana shi wankewa. Kullum da yamma sai wani ya kama hannunsa ya kai gaban fitila, a taru ana leƙe kamar an haifi jariri. A mako na biyu wani ya rantse ya ga layi ya fito a ɗan yatsan tsakiya, aka yi ta ihu a garke har shanu suka firgita.

Karo na uku yatsu takwas suka fito. Na gansu da idona a allon, siraran layuka suna zagaye, har 'yar sandar ta tafa. Manyan yatsun biyu suka ƙi. Wannan karon ba a yi jinkiri ba, saura kwana biyar gasa amsa ta zo cewa ba a karɓa ba.

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Da la'asar na ɗauki kwamfutata na tafi gidansa, na same shi a kicin, na ajiye ta a kan tebur na juya masa allon.

"Ka ga ɗan akwatin nan kusa da sunanka? In na danna shi, an tantance ka. Ba mai dubawa sai bazara, kafin nan takardarka ta zo."

"Rufe abin nan, Marlys."

"Ba zan rufe ba! Don wa aka yi dokar? Don kai? Kai da ka raini garin nan? Yarinya ta yi shekara biyar tana zufa, gari ya yi mako uku cikin kashin shanu, sai wani inji a birni ya ce bai san ka ba? To mu mun san ka!"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sun yi laushi, sun yi fari, ba su yi kama da nasa ba.

"Zauna," ya ce. Na zauna.

"Ina da shekara sha ɗaya, a garin da na tashi, muna da koci. Mutumin kirki, kowa ya shaida. Shi ke karanta Littafi a majami'a. In yaro ba shi da takalmi shi ke saya masa. Bayan horo sai ya kwashe mu a motarsa ya kai kowa gida, don iyayenmu suna gona." Ya ɗora hannuwan a kan tebur. "Gidanmu ba shi ne mafi nisa ba, Marlys. Amma kullum ni ake saukewa ƙarshe."

Na janye hannuna daga kwamfutar.

"Shekara biyu. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Da wani ya zo ya ce a binciki mutumin nan, uwata ce za ta fara korarsa da tsintsiya. Abin da kika faɗa yanzu shi za ta faɗa, mun san shi." Ya ɗago ya dube ni. "Daga baya na ji ashe an kore shi daga wani gari kafin ya zo namu. Takarda ɗaya da ta isa. Ba wanda ya nema, don ba a neman takarda a wurin mutumin kirki."

"Amma kai ba shi ba ne," na ce.

"Ni na san haka. Ke kina zato ne, kuma kin yi sa'a zatonki daidai ne. In kika danna mini yau don kin san ni, baɗi wata za ta zauna a kujerarki ta danna wa wanda ta sani. Shekara sittin ina jiran a yi dokar nan. Ba da ni za a fara huda ta ba."

A nan abubuwa suka yi ta faɗo mini. Ofishinsa na zauren horo ba shi da ƙyaure, shi ya cire da hannunsa tun kafin in yi aure, muna ta cewa rowar gyara ce. Bai taɓa ɗaukar yaro shi kaɗai a mota ba. Akwai ranar da ya tsaya awa guda cikin sanyi da ɗana Curtis a bakin titi suna jirana, ga motarsa nan da ɗumi, na zo na balbale shi da faɗa. Mutumin nan shekara arba'in da huɗu yana bin dokar da ba a riga an rubuta ba, mu kuwa muna kiransa mai taurin kai. Na rufe kwamfutar. Ya ce in zan ba da labarin wata rana in bayar, ya gaji da riƙe shi, amma in bari sai an gama gasa.

Ranar gasa rabin Brandvold ya tafi babban birni. Zauren ya ɗauki mutum dubu huɗu, katifa takwas a ƙasa ana kokawa a kansu lokaci guda, ga usur ga ihu, ko na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Kendra ta zauna a kujerar koci da jan kambunta. Duane ya sayi tikiti kamar kowa ya hau benen 'yan kallo, na zauna kusa da shi. An katange filin da ƙarfe, ƙofar shiga guda ce, kuma cikin 'yan sa-kai da aka ba tsaronta har da Lyle.

Itzel ta yi kaye uku a jere. Kai, yarinyar nan! In ta sunkuya ta kai hari ƙafa, kafin ka ƙifta ido abokiyar karawarta tana kallon rufi. Duane bai yi ihu ko sau ɗaya ba, sai dai kafaɗarsa tana bin duk motsinta. Da yamma ta kai wasan ƙarshe, da wata doguwar yarinya daga gabashin jiha.

Wasan ya yi zafi. Ana cikin zagaye na uku suka cakuɗe a bakin katifa, Itzel ta zame ta kuɓuce daga riƙo, nan take waccan ta sake cafke ta. Cikin wannan ƙiftawar alƙali ya ɗaga yatsa ɗaya, makin kuɓuta. Masu rubutu a tebur ba su gani ba, jikin alƙalin ya kare su. Kendra tana durƙushe tana ihu, ita ma ba ta gani ba. Ni kaina ban gani ba, sai daga baya a hoton wayar wani. Allo ya tsaya biyar da huɗu, Itzel a baya, lokaci ya ƙare.

Duane ya riga ya miƙe. Ban taɓa ganin tsoho ya sauka matakala haka ba, ina binsa ina haki. Ya isa bakin ƙarfen ya kwarara kira, "Kendra! Maki ɗaya! Je tebur, kar Itzel ta bar katifa!" In aka gyara, biyar da biyar ke nan, sai a ƙara lokaci.

Kendra ta ruga tebur. Alƙali ya zo, muna hango su taku ashirin daga inda muke. Ya tambaye ta a wane lokaci, a wane riƙo. Yarinyar kirki, ba ta iya ƙarya ba, ta ce ita ba ta gani ba, Koci ne ya gani. Alƙalin ya dafe goshi, abin ya shige masa cikin hayaniya. Ya juyo ya hango Duane. A jihar nan ba alƙalin kokawa da bai san fuskar nan ba. Ya ɗaga hannu ya yafito shi, zo ka faɗa.

Lyle ya zare sakata ya buɗe ƙofar. Sannan ya juya baya, ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar an ce masa akwai tsuntsu a can.

"Wuce, Koci," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ban ga komai ba."

Itzel tana tsaye a tsakiyar katifa, gashinta ya jiƙe, ƙirjinta yana sama yana ƙasa, idonta a kansa. Mutanenmu daga sama suna ihu, "Shiga! Shiga mana!" Ni da na san dalili, Allah ya sani, ni ma bakina cewa yake shiga. Taku ashirin ne. Maganar daƙiƙa goma ce. Ba mahaluƙin da zai ce ya yi laifi.

Ya kama ƙarfen da hannu biyu. Na ga ƙafarsa ta dama ta ɗaga, ta tsaya a iska, ta koma inda take. Ya ɗaga hannunsa sama ya nuna wa alƙali wuyan hannun, ba kambu. Sannan ya jawo ƙofar da kansa ya mayar da sakata.

Alƙali ya jira kaɗan, ya girgiza kai, ya koma tsakiya ya ɗaga hannun doguwar yarinyar.

Na ga abubuwa a rayuwata. Na ga guguwa ta ɗauke rufin makaranta, na ga an ciro mutum da rai daga rumbun masara. Ban taɓa ganin abin da ya kai ƙafar nan da ta koma ƙasa ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya tsaya kusa da abin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Itzel ta fito da lambar yabo ta matsayi na biyu a hannu, ko wuya ba ta sa ta ba. Ta tsaya gabansa.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Na kuɓuta. Makina ne."

"Makinki ne."

"To me ya sa ba ka shigo ba? An buɗe maka!"

"Ba ni da takarda, Itzel."

"Takarda!" Ta fashe da kuka, ta buga lambar a ƙirjinsa ta faɗi ƙasa, ta wuce wurin uwarta. Bai bi ta ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki lambar ya miƙa wa Kendra. Fuskarsa ta zube, a minti biyar ɗin nan ya tsufa a gabana.

Mutanenmu suka fara saukowa, wasu ba su ko dube shi ba. Sai ga Efraín yana ratsowa, gajere, da rigar zuwa majami'a. Na matsa kusa, don na ɗauka faɗa zai yi, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Bai san abin da aka gaya mini a kicin ba, ba wanda ya sani. Ya tsaya ya cire hularsa.

"Koci," ya ce, yana lalubo kalmomi, don harshenmu bai gama zama a bakinsa ba. "'Yata tana fushi. Za ta daɗe tana fushi. Ni ma na so ta ci." Ya murza hular. "Ni kullum ina wurin aiki. Shekara biyar ina kawo ta in ajiye in tafi. Ina yanka nama, ina tunani. Wa ke tare da ita, ƙofa a buɗe take ko a rufe. Ban san kowa a ƙasar nan ba, uba kuma dole ya yi tunani. Yau an buɗe maka, kowa yana cewa shiga, har ni. Ka ƙi." Ya mayar da hular kansa. "Ran Litinin zan kawo ta. Zan tafi aiki ba tunani."

 Duane ya ja da baya ya zauna a kan matakala, ya rufe fuska da hannuwansa, kafaɗunsa suna girgiza. Efraín ya zauna kusa da shi. Ni da Lyle muka tsaya muka ba su baya don kar a taru a kansu, muna nan tsaye har aka gama naɗe katifu.